Gaɓa Shida Zuwa Gwiwa

"O-no-ma-to-fi-ya," na faɗa, karo na goma sha ɗaya.

Cokalin da Malam Halliru yake ƙwanƙwasa kwanon silba da shi, bugu ɗaya a kan kowace gaɓa, ya tsaya a ta biyar. Ya runtse ido kamar wanda aka taka wa ɗan yatsa. Sannan ya jawo kwalin maganin da yake rubutu a bayansa, ya ja layi na uku a ƙarƙashin harafin P, ya ɗaga min. Ya haɗe leɓɓansa biyu, ya sake su. Ba abin da ya fito sai 'yar iska ta robar da likitoci suka sa masa a wuya.

"Malam, ai abin da na faɗa ke nan."

Ya girgiza kai.

Ni fa shekarata talatin da takwas, 'ya'yana biyar, ga ɗinkin mutane na bari a kan keke, amma ga ni durƙushe a bakin ƙofar ɗakin maƙwabcina gumi yana bin bayana, kamar ranar da ya tsayar da ni a aji biyu na sakandare ya ce ba zan zauna ba sai na daina kiran takarda "fefa". Ran nan har aka tashi ina tsaye. Tun daga lokacin nake jin haushinsa, kuma da aure ya kawo ni unguwar Kanti na tarar katangarmu ɗaya, na ce wannan shi ne an gudu ba a tsira ba. Sunana Saude. Shekara goma sha tara muna gaisawa da Hausa zalla, ban taɓa yarda ya sake jin Turanci a bakina ba sai wannan Litinin ɗin.

Malam ya koyar da Turanci shekara talatin da biyar, a Roni, a Babura, ya ƙare a nan Kazaure. Da ya yi ritaya mun ɗauka bakinsa zai huta. Ina. Ɗansa Muhammad Sani da ke aiki a Kano ya saya masa babbar waya, wani malami a Yankwashi ya turo masa wata kalma da ta gagare shi, shi kuma ya mayar da amsa da saƙon murya. Kafin shekara ta zagayo malaman ƙauye sama da ɗari sun taru a guruf ɗinsa na WhatsApp. Duk wanda ya ci karo da kalma mai ƙaya, maimakon ya je ya ji kunya a gaban yara, sai ya turo. Malam ya zauna a zaure da kwanonsa da cokali, ya yi sallama, ya ce "Halliru ne daga Kazaure," ya yayyanka kalmar gaɓa-gaɓa yadda harshen Bahaushe zai iya ɗauka, inda ake dannawa ya buga da ƙarfi. Ta katanga nake jin ƙwas-ƙwas ɗin ina taka keke. Abin taƙamarsa a duniya ɗaya ne: a shekara tara babu tambayar da ya bari ba amsa.

Sai murya ta fara dishewa bayan ƙaramar salla. Aka ce sanyi ne, aka sha zuma da citta. Da aka je asibiti a Kano suka ce ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma ya yi nisa. Suka huda wuyan suka sa roba don ya samu numfashi, ya dawo gida ba murya ko ta raɗa. Ya hana a faɗa wa 'yan guruf. Wata biyu yana lallaɓawa da tsofaffin saƙonni, don kalmomin da ke wahalar da malamai kusan su ne dai kullum. In an tambaya sai ya lalubo na bara ya sake turawa, ba wanda ya gane.

Ranar Lahadi aka turo wadda ba shi da ita, kuma ba a guruf ba, shi kaɗai aka turo wa. Da na shigo ranar Litinin shi ne abin da ya fara kunna min.

"Salamu alaikum Baba Malam, ina wuni, ya iyali. Sunana Halimatussa'adiyya, sabuwar malama ce ni a wani ƙauye gaba da Gwiwa. Ranar Alhamis masu duba malamai za su zo su zauna a ajina, daga nan ne za a san ko za a tabbatar da ni a aiki. Darasin da ya faɗo kaina yana da wata kalma, ga ta nan na rubuto a ƙasa. Wallahi Baba ko a kwaleji tsallake ta nake yi. Kunya ce ta hana ni tambaya a guruf. Sabis ba ya kama mu sai na hau tudun bayan makaranta, amma zan riƙa hawa kullum da safe ina dubawa. Allah ya ƙara girma."

A ƙasa an rubuta onomatopoeia. Da na ga rubutun na ɗauka wani jariri ne ya danne mata waya. Malam ya rubuta min cewa suna ne na kalmomin da ke kwaikwayon ƙarar abu, irin su tim da ƙwas, kuma shi ya sa ya aiki matarsa, Goggo Inno, ta kira ni. Ni na yi sakandare, ni ce kuma ba zan kai labarin ciwonsa waje ba tunda ta katanga na riga na ji tarin. Ni zan faɗa, shi zai buga kwano, a ce mura ce ta kama shi.

Da muka kai karo na goma sha ɗaya na gaji.

"Malam, wayar ma ai tana faɗa. A tura mata na Turawan mana kowa ya huta."

Ya miƙo min wayar, alamar in kunna. Wata Baturiya ta faɗi kalmar, fit, kamar mai haɗiyar ƙwayar magani. Ya rubuta, "Kin kama?" Na ce a'a. Ya rubuta, "To."

Duk abin nan Goggo Inno tana zaune a inuwar darbejiya tana tsinke zogale a faranti, ta ba mu baya. Doguwa ce siririya, magana ba ta dame ta ba. In ka ji muryarta ta ɗaga a gidan, to akuya ce ta shiga madafa.

Na ja numfashi na sake ɗauka daga farko. Na zo ta biyar na sake hurawa.

"Pi," in ji Goggo Inno, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Onomatopiya. Ke rufe bakin, ki sake shi mana, Saude, kin wahalar da bawan Allah."

Cokali ya faɗi a kan tabarma. Malam ya yunƙura ya dogara da gwiwar hannu, ya bugi kwanon da tafinsa. Ta waiwayo, sai a lokacin ta gane abin da ta yi, ta ja gefen ɗankwali ta rufe baki.

"Goggo, a ina kika iya?"

"Iya me? Shekara nawa yana tara masu jarrabawa a zaure ina nan ina tuƙa tuwo? Wannan duk damina sai ta zo. Ni ban san abin da take nufi ba." Ta ci gaba da tsinkar zogalenta. "Kuma wannan 'pi' ɗin da kuke ta fama a kansa, mu ai da shi muka buɗe baki. Pullo. Puccu. Yaron da bai iya shi ba ko doki bai iya kira."

Bafillatana ce, daga wata ruga kusa da Roni, a gidansu Fillanci ake yi, inda pullo ke nufin Bafillace, puccu kuma doki. Shekara talatin da biyar Malam yana yaƙi da leɓɓan Hausawa, ashe bakin da yake nema yana tsakar gidansa yana hura wuta. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Na so in yi dariya ko na rama tsayuwar da na sha, amma da na kalli fuskarsa dariyar ta koma ciki. Kallonta yake yi kamar baƙuwar da ta shigo ba sallama. Ya ɗauki wayar da hannu biyu ya miƙa wajenta.

"A'a," ta ce.

Ya ƙara miƙawa.

"Malam, ka yi haƙuri."

Ta ɗauki farantinta ta shige madafa.

Ranar Talata da hantsi Goggo ta shigo wurina da rigar Malam, tana so in buɗe mata wuyan don yana gogar robar. Kafin zuwanta na riga na ga saƙon da ya shigo da safe, don Malam ya bar wayar a hannuna: "Baba, na hau ban ga komai ba. Allah ya sa lafiya." Ni kuma tun jiya nake gaban madubi ina buɗe baki ina rufewa, har maigidana ya tambaye ni ko a nemo mai ruƙiyya. In na samu ta biyar sai ta uku ta gudu. Na je na gwada wa Malam, ya rubuta, "Gara shiru da kuskure. Yara arba'in za su ɗauka." Wato har yanzu dai ban ci jarrabawarsa ba.

Na zare zaren wuyan rigar ina cewa, "Goggo, minti ɗaya ne fa. Ki faɗa, in tura, shi ke nan."

"Muryata ta shiga wayar maza ɗari? Yayyena suna shigowa kasuwa duk sati. Wani ya kunna musu, su ce ƙanwarsu ta tsufa ta koma rediyo."

"Mace ɗaya ce za ta ji."

"Abin da ya shiga waya ya bar hannunka."

Gaskiyarta, amma na san ba shi ke nan ba. Tela ta san inda aka ɓoye ɗinki. Na ci gaba da taka keke, ita kuma ta zauna a bakin gado tana kallon ƙafafunta, har na kusa gamawa.

"Nono nake kai wa makarantarsu a Roni," ta ce, "yana saurayi, da wandonsa mai kari. Ran da ya je wurin Baffana ya ce shi da kansa zai koya min karatun boko, ba sai na fita ko'ina ba. Sati biyu da tarewa ya sayo littafi da fensir, ya ce gobe za mu fara. Gobe ya dawo a gajiye. Jibi yara sun cika zaure. Aka mayar da shi Babura, na haihu, na sake haihuwa. Littafin yana ƙasan akwatina, gara ta ci gefensa. Shekara arba'in da ɗaya."

"Ba ki taɓa tuna masa ba?"

"Ni in tuna masa?" Ta kalle ni kamar na ce ta fita titi ba ɗankwali. "Wanda ya yi alkawari shi ke tunawa. Ya koya wa 'ya'yan kowa, Saude. Har ke da ba kya so ya tsare ki. Ni da nake so, ko sau ɗaya bai ce Inno zo ki zauna ba. Sai yau da tasa muryar ta tafi ya san akwai wani baki a gidan. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Ba ta yi kuka ba, ta karɓi rigar ta duba ɗinkin ta ce ya yi. Ni ce bayan fitarta na kasa komawa kan keke. Tausayinta ya kama ni, ga nasa, ga na yarinyar nan da ke hawa tudu kowace safiya tana ɗaga waya sama. Na rasa bayan wanda zan goya.

Laraba da safe Goggo ta kira ni ta katanga. Jikin ya rikice, an buga wa Muhammad Sani yana kan hanya. Na tarar an jingina Malam da filo biyu, idanun sun faɗa, numfashin yana fita ta robar da wani siririn fito. Ya nuna kwali da biro, na miƙa masa. Sai na ga ya fara rubutu daga dama zuwa hagu. Ajami yake yi. Goggo ta yi allo a ruga, tana karanta ajami sarai. Ashe duk shekarun nan akwai rubutun da su biyun suka sani, bai taɓa rubuta mata ko layi ɗaya da shi ba. Ya daɗe a kan layi uku, yana yi yana hutawa, sannan ya miƙa mata.

Ta karanta leɓenta yana motsi, ta koma farko ta sake. Ta yage gefen kwalin, ta ninke, ta cusa a ɗankwalinta. Har yau ban san abin da ke ciki ba, kuma ban tambaya ba, duk da ba a san ni da rashin tambaya ba.

Ta tashi ta jawo ƙaramar tabarma ta shimfiɗa a gabansa. Ta matso da kwanon kusa da hannunsa, ta sa masa cokalin a tsakanin yatsu, ta zauna ta tanƙwashe ƙafa.

"To, Malam. Ga ni."

Ta faɗi kalmar. Ya girgiza kai, don a kan gaɓar farko ta danna. Ya buga mata: huɗu a hankali, ta biyar da ƙarfi, ta shida a hankali. Ta sake, ta haɗe ta uku da ta huɗu a guje. Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya harare ta. Wallahi irin hararar nan ce ta aji biyu.

"Ashe haka kake musu?" in ji Goggo. "Dole Saude ta riƙe ka a ciki."

Kafaɗunsa suka girgiza. Dariya yake yi ba sauti, dariyar ta jawo tari, ta goge masa bakin robar da tsumma mai tsabta, ta koma ta zauna. A karo na bakwai ta faɗe ta daidai, cokali da murya suka sauka tare. Malam ya ajiye cokalin, ya ɗaga yatsa ya zana alamar maki a iska, yadda yake yi wa wanda ya ci a aji. Duk darasin bai fi minti goma ba. Shi ne kaɗai ya taɓa yi mata.

Wayar tana kan cinyata, babban yatsana yana kan madannin ɗaukar murya. In na danna ba wanda zai sani, in tura, yarinya ta samu, Malam ya cika tarihinsa. Na ɗaga kai sai muka haɗa ido da shi. Ya girgiza kai sau ɗaya, da ƙarfin da ban zaci ya rage masa ba. Na janye hannuna, kunya ta rufe ni.

Bai sake miƙa mata wayar ba. Ya karɓi biro ya rubuta min da boko, haruffan suna gangarowa: "Ki rubuta mata, Halliru bai samu iko ba. Ta yafe." Na ce to. Na fita zaure na rubuta, na tsaya ina kallonsa, na kasa turawa. Shekara tara yana tsaron abin nan, ga shi ya sake shi da hannunsa don kada a tilasta mata. Duk haushin da na yi shekaru ina ajiya na neme shi a lokacin na rasa.

Muhammad Sani ya iso ana kiran azahar. Bayan salla hadari ya haɗo ta gabas, an fara yayyafi ke nan na ji muryar Goggo ta katanga tana maimaita kalmar shahada, a hankali, ba tsayawa. Daga baya ta ce min tunda ba baki, yatsansa ya ɗaga ya riƙe har ya sauka da kansa. Ba a yi kururuwa ba, salati kawai na ji, na ajiye almakashi na yafa mayafi.

Bayan la'asar aka kai shi. Ruwan ya ɗauke, layinmu ya cika da mashina daga Roni da Yankwashi da Kanya Babba, manyan mutane masu furfura kowa yana cewa shi ya koyar da shi. Wani daga cikinsu ya sa sanarwa a guruf, wayar ta dinga ƙara a jakata har na kashe mata sauti.

Kafin magariba ɗakin Goggo ya cika da mata. Hajiya Batulu, ƙanwar Malam, ta riga ta zaunar da ita a lungu da baƙin hijabi, ta karanta mata dokokin takaba ɗaya bayan ɗaya kamar wadda ba ta taɓa ji ba. Hajiya mace ce mai son a yi abu yadda aka saba, ko tabarma aka shimfiɗa a karkace sai ta gyara. Ina raba ruwa a kofuna na ji an kira ni.

"Saude, wayar tana wurinki?"

"Tana nan, Goggo."

"Kin tura abin da ya ce?"

"Ban tura ba."

"To ɗauko kwanon."

Hajiya Batulu ta ajiye carbinta.

"Inno, me za ki yi? Ko ƙasar kabarinsa ba ta sha iska ba. Mai takaba da waya? Mutane suna kallo fa."

"Hajiya, 'yar mutane za ta hau tudu gobe da safe."

"Wace 'yar mutane?"

"Ɗalibar yayanki ce, ta yi masa tambaya. In Alhamis ta yi ba amsa, shi za a ce ya gaza. Ina zaune kuwa ba za a faɗa ba."

Hajiya ta dubi matan ɗakin tana neman mai taya ta, kowacce ta sunkuyar da kai. Sai Hajiya ta miƙe, na ɗauka fita za ta yi cikin fushi, amma labule ta saki, ta tsaya a bakin ƙofa ta ba mu baya, ta ce wa masu shigowa su dakata tukuna.

Na durƙusa na kai wayar kusa da bakin Goggo. Ta ɗora kwanon a cinya, ta riƙe cokali, ta ce in danna.

"Salamu alaikum, 'yata. Daga gidan Malam ne a Kazaure, iyalinsa ce. Saƙonki ya same shi. Gaɓa shida ce, ki danna ta biyar. In kin zo wurin ki rufe leɓe ki sake shi, kada ki hura kamar mai hura wuta. Saurara."

Ta buga ta farko, ta biyu, ta uku. A ta huɗu muryar ta karye. Na ɗaga yatsana.

"Goge," ta ce.

Ta sha ruwa, ta goge fuska da gefen hijabi, ta jira har numfashinta ya daidaita. Muka sake daga sallama. Wannan karon ta kai ƙarshe, ta yayyanka ta shida cif, ta haɗe ta sau biyu, ta ce, "Allah ya ba ki sa'a." Na tura.

"Goggo, ba ki faɗa mata rasuwar ba."

"Wannan wasu za su faɗa. Ni abin da aka koya min na kai."

Saƙon ya tsaya da alama ɗaya, wato bai isa ba. Haka na tafi gida da shi.

Ranar Alhamis tun da na kawo musu kunu nake duba wayar, na duba ta fi sau ashirin. Wajen bakwai da rabi alamar ta zama biyu, ta yi shuɗi. Na san ta ga duka biyun a tare, namu da sanarwar guruf, tana tsaye ita kaɗai a kan tudu, ga aji yana jiran ta. Ba amsa. Hantsi ya yi, ba amsa. Na fara zargin kaina, na ce da mun sani mun bar yarinyar nan, ƙila mun haɗa mata zafi biyu ta kasa shiga ajin ma. Goggo ba ta tambaye ni komai ba, tana ta amsa gaisuwa, amma duk shigowata sai ta kalli hannuna.

Bayan azahar saƙo biyu suka shigo. Na ratsa matan ɗakin na durƙusa kusa da Goggo na kunna na farko a hankali. Muryar a dishe take.

"Mama, Allah ya jiƙan Baba, Allah ya sa ya huta, Allah ya ba ku haƙuri. A kan tudu na gani. Na zauna a ƙasa na yi kukana, sannan na saurari naki sau goma, na sauko na shiga aji. Sun zo sun tafi, sun ce an gode. Babban cikinsu ya tambaye ni a ina na koyi faɗar ta haka, na ce malamata ce a Kazaure. Ga yaran nan, Mama, na ce su gaishe ki."

Na kunna na biyu. Yara ne, da yawa, suna buga benci da tafin hannu, huɗu a hankali, ta biyar har ƙura za ka ji ta tashi, ta shida a hankali. Suka faɗa sau uku. Har da 'yar karyawar harshen Goggo a ƙarshe suka ɗauka.

Ta karɓi wayar daga hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Akwai ɗaya can baya," ta ce, "fi yake cewa."

"Yara arba'in ne, Goggo."

"Na ji shi. Sake kunna min."

Na danna mata. Ta shigar da wayar cikin hijabi ta kara a kunne, ta riƙe da hannu biyu, ta sunkuyar da kai. Wasu mata da suka zo gaisuwa daga Yankwashi suka tsaya a bakin ƙofa, takalmansu a hannu saboda taɓo, suna jira ta gama.